Bashin haraji a shari'ar fatarar kuɗi a Amurka

Bashin haraji a shari'ar fatarar kuɗi wani ɓangare ne na dokar tarayyar Amurka da ke fayyace makomar harajin da ba a biya ba, da tararsa da kuɗin ruwansa, idan mutum ko kamfani ya kai kansa kotu ya bayyana cewa ya kasa biyan basussukan da ke kansa. Mutane da yawa na ɗauka cewa kotu ba ta yafe bashin gwamnati ko kaɗan, wasu kuma na zaton shigar da ƙara kaɗai ya isa ya wanke kowane irin haraji. Dokar ba ta goyi bayan ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ana iya yafe tsohon harajin kuɗin shiga idan ya cika wasu sharuɗɗa na lokaci da na gaskiya, amma akwai nau'o'in haraji da ke bin mai su har bayan an rufe shari'a. Ƙa'idojin suna cikin Kundi na 11 na dokokin tarayya, musamman sashe na 507 da na 523, da kuma kundin dokokin haraji wanda Hukumar Tattara Haraji ta Amurka, wato IRS, ke aiki da shi.

Tarihi

Kundin tsarin mulkin Amurka ya bai wa Majalisar Dokoki ikon kafa dokar fatara ta bai ɗaya a duk ƙasar. Majalisar ta yi dokoki a 1800 da 1841 da 1867, amma duk an soke su bayan 'yan shekaru. Dokar 1898 ce ta farko da ta daɗe, kuma a ƙarƙashinta ba a yafe haraji komai tsufansa. Sai a 1966 aka yi mata gyara aka ba da damar yafe harajin da ya haura shekara uku. Hujjar gyaran ita ce, idan tsohon haraji ya ci gaba da bin mutum yana haihuwar ruwa, to damar sake gina rayuwa da kotu ta ba shi ba ta da wani amfani.

A 1978 aka kafa dokar da ake aiki da ita a yau, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 1979. A 1980 aka ƙara wata doka da ta daidaita tsakanin dokar fatara da dokar haraji. Babban sauyi na baya-bayan nan shi ne na 2005, wanda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Afrilu, ya fara aiki ranar 17 ga Oktoba na wannan shekara. Dokar 2005 ta tsaurara sharuɗɗa, ta kuma ƙara wa hukumomin haraji ƙarfi.

Yadda bashin ke taruwa

A Amurka mutum ne da kansa ke cike takardar bayanin haraji, wato fom mai lamba 1040, ya miƙa ta galibi zuwa ranar 15 ga Afrilu na shekarar da ke biye. Yana iya neman ƙarin wa'adi zuwa 15 ga Oktoba, amma ƙarin na miƙa takarda ne kawai, bai shafi biyan kuɗi ba.

Wanda ya makara wajen miƙa takarda ana ci masa tarar kashi 5 cikin 100 na harajin a kowane wata, har ta kai kashi 25. Wanda ya makara wajen biya ana ci masa rabin kashi ɗaya cikin 100 a wata, ita ma iyakarta kashi 25. Idan tarar biyu suka haɗu a wata ɗaya ana rage ta farkon, don haka jimillarsu ba ta wuce kashi 47.5. Ke nan harajin dala 10,000 na iya jawo tarar dala 4,750. Akwai kuma tarar kashi 20 a kan sakaci wajen lissafi, da ta kashi 75 a kan zamba. Ban da wannan, kuɗin ruwa na hauhawa kullum a kan harajin da kuma tarar.

Hukumar IRS na da shekara 10 daga ranar da ta rubuta harajin a kan mutum don ta karɓo kuɗinta. A cikin wannan lokaci tana iya cire kuɗi daga albashinsa, ta ƙwace abin da ke asusunsa na banki, ko ta ɗora jingina a kan kadarorinsa, ba tare da ta nemi hukuncin kotu ba.

Babobin dokar

Ana shigar da ƙarar fatara a ƙarƙashin ɗaya daga cikin babobin dokar. A Babi na 7 kotu na naɗa amintacce ya sayar da kadarorin da doka ba ta kare ba, ya raba kuɗin ga masu bin bashi, sannan a yafe abin da ya rage daga cikin basussukan da suka cancanta. Yawanci ana gamawa cikin wata huɗu zuwa shida. Babi na 13 na masu tsayayyen kuɗin shiga ne, inda mutum ke riƙe kadarorinsa ya riƙa biya a hankali bisa tsari na shekara uku zuwa biyar. Babi na 11 galibi na kamfanoni ne masu son sake tsara harkokinsu, Babi na 12 kuma na ƙananan manoma da masunta ne.

Ba a buƙatar mutum ya zama ɗan ƙasa kafin ya shigar da ƙara. Ya isa ya kasance yana zaune a Amurka, ko yana da wurin sana'a ko kadara a can. Dole ne ya halarci zaman ba da shawara kan bashi cikin kwana 180 kafin shigar da ƙarar.

Sharuɗɗan yafe harajin kuɗin shiga

Kafin a yafe harajin kuɗin shiga na wata shekara a Babi na 7, sai ya tsallake dukkan sharuɗɗa biyar, kuma kowace shekarar haraji ana auna ta ita kaɗai.

Na farko shi ne shekara uku. Dole ne wa'adin ƙarshe na miƙa takardar, haɗe da duk wani ƙarin wa'adi da aka karɓa, ya wuce da fiye da shekara uku kafin ranar shigar da ƙara.

Na biyu shi ne a ce an miƙa takardar. Shekarar da mutum bai taɓa miƙa takardarta ba, harajinta ba ya yafuwa.

Na uku shi ne shekara biyu. Idan an miƙa takardar a makare, sai ta yi fiye da shekara biyu a hannun hukuma kafin ranar ƙara.

Na huɗu shi ne kwana 240. Dole ne hukuma ta rubuta harajin a kan mutum fiye da kwana 240 kafin ƙarar. Wannan ya fi shafar wanda aka bincika aka yanka masa ƙarin haraji daga baya.

Na biyar shi ne gaskiya. Idan takardar ta zamba ce, ko mutum ya yi ƙoƙarin kauce wa harajin da gangan, ba a yafewa komai daɗewa. Kotuna na kallon abubuwa irin su ɓoye kuɗin shiga, mayar da kadara da sunan 'yan'uwa, ko rayuwar facaka alhali ana bin mutum haraji. Rashin biya kaɗai saboda babu ba a ɗaukar sa a matsayin kaucewa.

Ga misali da harajin shekarar 2018, wanda wa'adinsa ya cika ranar 15 ga Afrilu, 2019 a mafi yawan jihohi. Wanda ya miƙa takarda a kan lokaci amma bai biya ba, harajinsa na cancantar yafiya bayan 15 ga Afrilu, 2022. Da ya karɓi ƙarin wa'adi, sai bayan 15 ga Oktoba, 2022. Da sai a watan Yuni 2021 ya miƙa takardar, sai ya jira har bayan Yuni 2023. Da kuma an bincike shi an yanka masa ƙari ranar 1 ga Maris, 2022, wannan ƙarin ba zai cika kwana 240 ba sai ƙarshen Oktoba 2022. Wanda ya yi gaggawar shigar da ƙara kwana ɗaya kafin wa'adi zai fito daga kotu da bashinsa cur. Shi ya sa lauyoyi kan fara da karɓo kwafin asusun mutum daga IRS domin su ga ainihin ranakun.

Abin da ke tsayar da ƙidayar lokaci

Waɗannan wa'adodi ba kullum suke tafiya kai tsaye ba. Idan mutum ya taɓa shigar da ƙarar fatara a baya, lokacin da hukuma ta kasance a ɗaure ba ya shiga lissafi, kuma ana ƙara kwana 90 a kai. Idan ya miƙa tayin sasanci ga IRS, ƙidayar kwana 240 na tsayawa muddin tayin na jiran amsa, a ƙara kwana 30.

Kotun Ƙoli ta tabbatar da tushen wannan ƙa'ida a shari'ar Young da Amurka a 2002. Wasu ma'aurata da ake bi harajin 1992 sun shigar da ƙara a Babi na 13 a 1996, suka janye ta, suka sake shigarwa a Babi na 7 a 1997, suna cewa shekara uku ta riga ta cika. Alƙalan kotun baki ɗaya suka yanke cewa lokacin ƙarar farko ba ya ƙirguwa, tun da a lokacin an hana hukuma karɓar kuɗinta. Dokar 2005 ta shigar da wannan cikin nassin doka.

Saɓani kan takardar da aka makara

Dokar 2005 ta ƙara wata jimla da ke cewa takardar haraji ita ce wadda ta cika ƙa'idojin miƙawa. Kotunan ɗaukaka ƙara sun saɓa a kan ma'anarta. Kotun yanki na 5 a shari'ar McCoy a 2012, da ta yanki na 10 a shari'ar Mallo a 2014, da ta yanki na 1 a shari'ar Fahey a 2015, sun fassara ta da cewa takardar da ta makara ko da kwana ɗaya ba takarda ba ce a idon dokar fatara, don haka harajinta ba ya yafuwa. Kotun yanki na 11 ta ƙi wannan fassara a shari'ar Shek a 2020. Wasu kotuna na bin ma'aunin da Kotun Haraji ta shimfiɗa a shari'ar Beard a 1984, wanda ke duba ko takardar ƙoƙari ne na gaskiya na bin doka.

Ita kanta IRS ba ta riƙi fassarar kwana ɗaya ba. Matsayinta shi ne, idan mutum bai miƙa takarda ba har hukuma ta cike masa da kanta ta rubuta masa haraji, to wannan harajin ba ya yafuwa ko da ya miƙa tasa daga baya. Saboda saɓanin, jihar da mutum ke zaune na iya sauya sakamakon shari'arsa.

Harajin da ba ya yafuwa

Mafi tsanani shi ne harajin amana, wato kuɗin da mai sana'a ya cire daga albashin ma'aikatansa ko ya karɓa daga masu saye domin ya miƙa wa gwamnati. Doka na ɗaukar wannan kuɗi a matsayin na gwamnati tun asali, mai sana'a ajiya kawai aka ba shi. Idan kamfani ya cinye shi, sashe na 6672 na kundin haraji ya ba hukuma damar bin shugabannin da ke da alhaki su biya daga aljihunsu. Ko da yake ana kiran wannan tara, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Amurka da Sotelo a 1978 cewa haraji ne, kuma ba ya yafuwa.

Haka nan sabon harajin da bai cika wa'adi ba yana cikin basussukan fifiko, a mataki na takwas, bayan kuɗin ciyar da iyali da kuɗin gudanar da shari'a da albashin ma'aikata. Harajin gida da fili na zama na fifiko idan wa'adin biyansa ya faɗo cikin shekara ɗaya kafin ƙara. Wanda ya ci bashi da katin banki ya biya harajin da ba ya yafuwa, wannan sabon bashin shi ma ba ya yafuwa a Babi na 7. Harajin da ya taso bayan shigar da ƙara kuma yana kan mai shi kamar yadda aka saba.

Tara da kuɗin ruwa

Kuɗin ruwa na bin makomar harajin da ya haife shi. Idan an yafe harajin, ruwan ya tafi da shi, idan ba a yafe ba, ruwan na nan. Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Bruning da Amurka a 1964 cewa ruwan da ya taru bayan shigar da ƙara a kan harajin da bai yafu ba yana nan a wuyan mutum.

Tara ta fi sauƙin yafuwa. A Babi na 7 ana yafe ta idan harajin da ta rataya a kansa ya yafu, ko kuma idan abin da ya jawo ta ya faru fiye da shekara uku kafin ƙara. Saboda haka mutum na iya samun yafiyar tsohuwar tara ko da harajin kansa ya tsaya. A Babi na 13 tarar da ta zama horo kawai, ba diyyar asarar gwamnati ba, ana jera ta da basussukan gama-gari irin na asibiti da katin banki, waɗanda sau da yawa kaɗan ake biya daga cikinsu, a yafe saura a ƙarshen tsari.

Jinginar haraji

Yafiyar kotu na sauke bashi daga kan mutum, amma ba ta ɗage jingina daga kan kadara. Idan IRS ta riga ta yi rajistar sanarwar jingina kafin ƙara, jinginar na nan a kan duk abin da mutum ya mallaka a ranar da ya shigar da ƙarar, har da gidan da doka ta kare daga sauran masu bin bashi. Hukuma ba za ta ƙara taɓa albashinsa ba saboda harajin da aka yafe, amma duk ranar da ya sayar da gidan za ta karɓi rabonta. Jinginar ba ta kama kadarar da ya samu bayan ƙara. A Babi na 13 ana iya kimanta kadarorin, a biya jinginar daidai darajarsu, ragowar ya koma bashi mara jingina.

Dakatarwa ta nan take

Da zarar an shigar da ƙara, sashe na 362 na dakatar da duk wani yunƙurin karɓar bashi. Dole IRS ta daina cire albashi da ƙwace asusu da ɗora sabuwar jingina. Amma an bar mata damar ci gaba da bincike, da neman takardun da ba a miƙa ba, da rubuta haraji, da kuma riƙe rarar harajin shekarun baya ta cike giɓin tsohon bashi. Wa'adin shekara 10 na karɓar bashi na tsayawa muddin ƙarar na gudana, a kuma ƙara wata shida. Don haka wanda ya shiga kotu ya fito ba a yafe harajinsa ba ya tsawaita wa hukuma lokacin bin sa ne.

Haraji a Babi na 11, 12 da 13

A Babi na 13 dole ne mutum ya miƙa takardun haraji na shekara huɗu da suka gabata kafin zaman farko da masu bin bashi, in ba haka ba a kori ƙarar. Harajin fifiko ana biyan sa cikakke a cikin tsari, galibi ba tare da sabon ruwa ba, tsohon haraji kuma ya shiga sahun gama-gari. Kafin 2005 wannan babi na yafe har harajin zamba da na shekarun da ba a miƙa takarda ba, amma dokar 2005 ta toshe wannan ƙofa.

A Babi na 11 ana biyan harajin fifiko kashi-kashi da ruwansa cikin shekara biyar. A shari'ar Amurka da Energy Resources a 1990, Kotun Ƙoli ta amince kotun fatara ta umarci hukuma ta fara lissafa kuɗin da kamfani ke biya a kan harajin amana idan hakan zai taimaka wa tsarin ya yi nasara. Kamfanin da aka rushe a Babi na 7 ba a ba shi yafiya, ana raba abin da ya bari ne kawai.

A Babi na 12, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Hall da Amurka a 2012, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, cewa harajin ribar sayar da gona bayan shigar da ƙara ba ya yafuwa a cikin tsari. Majalisa ta gyara dokar a 2017 domin manoma su iya mayar da irin wannan haraji cikin basussukan gama-gari.

Illoli da sauran hanyoyi

Ƙarar Babi na 7 na zama a tarihin bashin mutum har shekara 10, ta Babi na 13 galibi shekara bakwai, kuma wannan na wahalar da samun rance ko hayar gida. Wanda aka yafe wa a Babi na 7 ba zai sake samun irin wannan yafiya ba sai bayan shekara takwas. Wani sauƙi shi ne, bashin da kotun fatara ta yafe ba a lissafa shi a matsayin kuɗin shiga, saɓanin bashin da banki ya yafe a wajen kotu, wanda galibi ake biya wa haraji.

Akwai hanyoyin da ba sa buƙatar kotu. Mutum na iya ƙulla yarjejeniyar biya wata-wata da IRS, ko ya miƙa tayin sasanci a fom mai lamba 656 ya biya ƙasa da abin da ake bin sa, ko ya nemi a jingine karɓar bashin saboda ƙuncin rayuwa, ko a ɗage masa tara idan karon farko ne ko yana da uzuri karɓaɓɓe. Hukumar ba ta duba tayin sasanci muddin ƙarar fatara na buɗe.

A wasu ƙasashe

A Ingila da Wales ana sallamar mai fatara galibi bayan wata 12, kuma bashin haraji na cikin abin da ake yafewa in ba na zamba ba ne. Dokar 2002 ta soke fifikon da gwamnati ke da shi a kan sauran masu bin bashi, amma daga 1 ga Disamba, 2020 aka dawo da wani ɓangarensa ga harajin da 'yan kasuwa ke karɓa a madadin gwamnati, irin su harajin kayayyaki da wanda ake cirewa daga albashi. A Kanada, wanda ake bi harajin kuɗin shiga na dalar Kanada 200,000 ko fiye, kuma ya kai kashi 75 na basussukansa marasa jingina, ba ya samun sallama kai tsaye sai ya bayyana gaban alƙali.